Dashen da Na Ba Aminina da Ƙasarsa

Akwai abin da ba zai taɓa fita daga raina ba, kuma da ana mayar da jiya, da shi zan fara gyarawa: dashen tumatirin da na ba aminina a fadamar Miga.

Tare muka taso, lambunmu ma gefe da gefe. Shi irin zamani yake shukawa, wanda ciwon yaushi ba ya kamawa, kullum yana yi mini tsiya da shi. A wani rani dashensa ya gaza, fangali ɗaya ya rage babu dashe. A wajenmu ba a barin maƙwabci ya je kasuwa neman dashe. Na ciro masa nawa da dunƙulen ƙasarsa, don kada saiwar ta wahala. Na dai ga wani lungu na lambuna yana yanƙwanewa, amma na ce rana ce.

Ruwa ya bi daga fangali zuwa fangali. Tumatir na fara ƙosawa, lambunsa ya kwanta.

'Yata da ke karatun noma a Dutse ta zo hutu, ta tsaga kara ɗaya, muka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Ta ce, "Baba, fumfuna ce mai zama a ƙasa. Ta saiwa take shiga, ta toshe hanyar ruwa."

Aminina ya ce, "'Yar nan, ai nawa ba ya kamuwa."

Ta ce, "Da can, Baffa. Akwai ƙwayar gado guda a jikin fumfunar da ke fitar da wata alama. Tumatirinka na ganin alamar sai ya rufe ƙofa. Wannan ta sauya alamar, bai gane ta ba har ta shige. Daga ina aka kawo sabuwar ƙasa?"

Na sunkuyar da kai. Abincin gidansa na shekara ke nan kwance a gabanmu.

Aminina ya kalle ni, sannan ya yi dariya. "Mutumina, ashe kyautarka da rakiya take zuwa!"

Muka tuge, muka ƙone, muka raba abin da ya tsira a nawa. Har yau albasa yake shukawa a wurin, bai taɓa goranta mini ba.

Ina roƙonku, ku ci gaba da ba maƙwabci dashe. Amma in kun ga ko ganye ɗaya ya yi yaushi a lambunku, kada ƙasarku ta tsallaka kunyar lambunsa.