Gishirin Randar Kaka

Har yau idan na ji ruwa yana ɗiga a kwano, ɗis, ɗis, sai gabana ya faɗi. Haka randar kakata take ɗiga a tsakar gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina, lokacin ban fi shekara tara ba.

Kaka da ƙafa ta taho daga ƙasar Hausa. Da za su haye teku daga Sudan, iska ta taso wa jirginsu, igiyar ruwa ta fizge jaririn da take goye da shi. Nan take ta yi bakance, in Allah ya mayar mata da ɗanta, za ta riƙa azumi yau, gobe ta sha, har ta mutu. Wani mutum ya cafko shi ta ƙafa. Jaririn nan shi ne babana.

Ni na taso na tarar da ita ta tsufa, ga ciwon sukari, ga zafin Madina da kan sa kwalta ta yi laushi. Likita ya hana ta azumi. Malam ya ce ta yi kaffara ta huta. Amma taurin kan Kaka, ko jaki sai ya sara mata.

Wata rana da azahar, tana azumi, ta yanke jiki ta faɗi. Baba ya tallafe ta, ya ɗura mata ruwa yana cewa, "Kalas, Inna, ya isa haka." Da la'asar na ɗebi ruwan randa na kai baki, sai na tofar. Gishiri ne zalla. Ummi ta wanke randar ta sake cikawa, bai canza ba. Kafin magariba Baba ya fara tari, irin na wanda ya shaƙi ruwa, alhali ko kurɓa bai yi ba. Ranar da Kaka ta koma azuminta, tarin ya tsaya, ruwan ya dawo garɗinsa. Kuna iya cewa tsoro ne na yarinta, amma ni na ɗanɗana da harshena.

Muna da maƙwabciya, wata tsohuwa 'yar Yaman mai sayar da lalle, wadda ta girma kusa da Yahudawa maƙeran azurfa. Ta zo duba Kaka, ta zauna a gefen tabarma, ta ce malaman Yahudawan suna koyar da cewa gara mutum ya ƙi yin bakance da ya yi ya kasa cikawa. Ko cewa za su yi gobe za su zo, sai sun ƙara da cewa ba bakance ba ne. Wanda kuma nasa ya fi ƙarfinsa, mutum uku suke zaunar da shi su yi masa tambaya, in ya nuna nadama su warware masa.

"To ni ma bari in tambaye ki, ya Hajja," in ji ta. "Da kin san nan zai kawo ki, da kin yi?"

Na ƙura wa bakin Kaka ido, ina roƙon Allah a zuci ta ce a'a. Ina son ta, ba na so ta mutu. Randa tana ta ɗiga a tsakar gida.

Kaka ta dubi takalman Baba da ke bakin ƙofa. Ta ce, "Da na yi."

Bazarar da ta biyo baya ta rasu, da azumi a bakinta. Baba ya rayu har ya ga jikoki, amma bai taɓa yarda ya je bakin teku ba, kuma ban taɓa jin ya ce wa kowa ya yi alkawari ba.

Yanzu gidan ya zama bene, randa ta ɓace, sai famfo. An ce ruwan da muke sha daga wancan tekun ake janyo shi, a cire masa gishiri. Jikokina suna yi mini dariya don ko alewa ba na yi musu alkawari. Ba su san cewa kowace safiya sai na ɗanɗana ruwan kafin in ba su ba.