Yadda Na Makarar da Inna Zuwa Tsohon Gari

Shekarun baya, lokacin da nake jin kaina a matsayin wayayye, wurin aikinmu suka tura mu wani kwas a ƙasar Masar. Da aka kammala, sai aka ce za mu yi kwana uku a cikin jirgin ruwa na shaƙatawa, irin manyan nan masu hawa-hawa kamar bene, da ɗakunan kwana da wurin cin abinci duk a ciki. A takardar da aka ba mu an rubuta cewa ana shiga daga sha ɗaya na safe har zuwa ƙarfe huɗu na yamma. Ni kuwa ɗan ƙauyen Kiru ne, na tashi na ga in za ka hau mota sai ka yi sammako, in ba haka ba a kan buhu za ka zauna. Saboda haka ƙarfe bakwai a bakin tashar jiragen ta yi mini, da jakata da komai.

Na tarar da ƙofa a rufe. Na zauna a kan jaka har rana ta fara cizo. Da aka buɗe, sai ga dogon layi na masu gaggawa irina, muka yi ta tsayuwa. Da na samu shiga kuma aka ce ba a gama gyara ɗakuna ba, in ɗan jira. Wani abokin aikina bai zo ba sai uku da rabi. Ya sha barcinsa, ya yi wanka, ya shigo babu layi, ya same ni a wani lungu ina gyangyaɗi rungume da jaka.

Ya ce, "Malam, ka ɗauka motar Kwanar Dangora ce, wadda in ta cika take tashi? Wurinka a rubuce yake, ba mai zauna maka."

Har muka sauka daga jirgin nan ana yi mini dariya. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to ni ilimin da na ƙullo ke nan: mai wayo ba ya yi wa jirgin ruwa sammako. Na dawo gida ina ta neman inda zan gwada shi, sai na gwada shi a kan mahaifiyata.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba a garin da na tashi aka haife ta ba. Garinsu yana cikin waɗanda ruwan Tiga ya ci lokacin da aka yi dam. Ba ta daɗe da aure ba aka kwashe su aka kawo su inda muke yanzu. Kafin a kwashe su ta haifi ɗanta na fari, namiji, bai kai yaye ba ya rasu, aka binne shi a bayan ɗakinta kusa da wata tsamiya, kamar yadda ake yi wa jarirai a lokacin. Ba daga bakinta na ji wannan ba, goggona ce ta faɗa mini. Kun san kunyar ɗan fari. Ko yana raye Inna ba za ta kama sunansa ba, balle ya rasu. Mu dai mun tashi mun san muna da wa a ƙarƙashin ruwa, kuma ba a zancensa.

A wannan shekarar ruwan dam ya ja baya irin yadda ba a saba gani ba, har masunta suka ce tudun tsohon gari ya fito kamar ɗan tsibiri. Akwai wani dattijo mai kwalekwale mai inji, ɗan tsohon garin ne, maƙwabcinsu na da. Shi ya aiko cewa duk mai son gani ya hanzarta, domin an fara ruwa ta wajen Doguwa da Riruwai, kuma tudun bai fi ruwan da kamu ɗaya ba. Sai Inna ta sa aka kira ni a waya ina Kano.

Ta ce, "Ɗan nan, in da hali, ka zo ka kai ni in ga tsohon gari."

Inna ba ta roƙon komai. Ko sabulu ne ya ƙare mata, sai dai ka gani da idonka. Ga shi ciwon yanar ido ya fara rufe mata ido ɗaya. Na san abin da take son gani, ba gari ba ne, amma ni da ita babu wanda ya faɗa. Na ce ranar Asabar insha Allahu. Na kira dattijon na ce ya riƙe mana wuri biyu. Ya ce ya riƙe, akwai wasu tsofaffi biyu ma da za su, amma da an idar da asuba mu kamo hanya, rana ta fito mana a bakin ruwa. Na ce to, irin "to" ɗin da ake yi wa manya don su yi shiru.

Ranar Juma'a na zo gida na kwana. Da na dawo daga masallacin asuba, na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakinta, ta shirya tsaf. Ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Sallah, ta sa takalmi, ga ɗan ƙunshin dabino a cinyarta na sadaka. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Lafiya lau. Mu tafi ko?"

Na ce, "Haba Inna, yanzu? Ai sai mu je mu yi ta zama a bakin ruwa sauro na cinmu. An riƙe mana wuri fa, ba inda zai je ya bar mu."

"Mai jirgi ya ce da an idar da asuba."

"Haka suke cewa, don sun san mutanenmu da makara. Ni na shiga jirgin da ya fi garin nan girma, Inna. Waɗanda suka zo da wuri su suka sha wahala."

Ta ce, "To, ai ku kuka yi boko."

Na koma na kwanta. Wallahi har da minshari, in ji matar ƙanena. Da na tashi na sha koko da ƙosai a natse. Na duba motata na ga ta yi ƙura, na ce ba zan shiga cikin masunta da mota haka ba, na tsaya na wanke ta. Duk wannan Inna tana zaune inda na bar ta, ba ta ko cire takalmi ba. Sau ɗaya ta ƙara magana, ta ce, "Rana ta ɗaga fa." Na ce yanzu-yanzu. Ba mu bar gida ba sai wajen ƙarfe goma, na kuma tsaya shan mai a hanya. Daga inda aka sauka daga kwalta kuwa hanyar ta lalace, sai lallaɓawa. Rana ta kusa take tsaka muka isa.

Tun kafin in kashe mota na ga alamar ba lafiya. Kwalekwalen duk an jawo su kan tudu. Iska na kaɗawa, ruwan ya yi duhu yana dukan gaɓa, mata masu suyar kifi suna ta danne faifayinsu da duwatsu. Muka sami dattijon a gindin bishiya yana ɗinkin koma. Da ya ga Inna ya miƙe, suka shiga gaisuwa irin ta waɗanda suka daɗe ba su haɗu ba, ina wane, ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ina wance, tana Burumburum wurin 'yarta. Ni ina gefe ina duba agogo, kamar ba ni na ɓata safiya ba.

Daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, mun jira ku har rana ta yi sama. Da na ga lokaci zai ƙure mana, na ɗauki tsofaffin nan biyu muka je. Ba mu daɗe da dawowa ba."

Na ce, "To Baba, ai ga mu, sai a sake komawa. In mai ne, ni zan kawo."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Yaro, ba maganar mai ba ce. Dubi ruwan nan. Da safe ɗan'uwa ne, in rana ta take kuwa bai san kowa ba. A irin wannan lokaci na shekara, da hantsi ya wuce iska ke tasowa. Ga kututturan itatuwa cike a ƙasa. In ruwa ya kwanta ina ganinsu in kauce, in ya tashi ba na gani. Ni kaɗai ma ba zan shiga ba, balle in ɗauki Hajiya."

Na buɗe baki zan ce ai a Masar, Allah Ya taimake ni na haɗiye. Na ce gobe fa? Ya ɗaga kai ya dubi kudu, inda hadari ya fara haɗuwa, ya ce, "In Allah Ya kai mu, in sama ta yarda."

Sai Inna ta juya. Ta taka a hankali zuwa bakin ruwa, iska na jan mayafinta, muka bi ta. Ta tambaye shi ta wace fuska ne, ya nuna mata da hannu. Ni da nake da idona ban ga komai ba sai ruwa, balle ita. Amma ta daɗe tana kallon wurin.

Ta ce, "Tsamiyar nan ta bayan gidanmu fa?"

Ya ce, "Kututturenta na nan, Hajiya. A jikinsa ma na ɗaure jirgi."

"Gabas da ita kaɗan?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na san wurin. Ai ina cikin waɗanda suka tsaya ranar. Ƙasa ce busasshiya yanzu, na tsaya na yi addu'a."

"Rana na samun wurin?"

"Tana dukansa sosai."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Da ma sanyi ne ya yi ajalinsa."

Wannan ne karo na farko da na ji ta yi zancensa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta kwance ƙunshin dabinonta ta miƙa wa dattijon, ta ce ya raba wa mutanen wurin, muka juya. Har muka isa gida carbinta kawai take ja.

Da la'asar aka tsuge da ruwa. Washegari na yi sammakon da ya kamata in yi jiya, na kira dattijon tun kafin in tada mota, ya ce iska ta kwana tana yi, kada mu taso. Litinin ma haka. Na koma wurin aiki da niyyar in dawo ranar Asabar, ko a bakin ruwan ne mu kwana. Ranar Alhamis sai ga wayarsa. Ya ce, "Kada ku wahalar da kanku, yaro. Ruwa ya karɓi abinsa."

Tudun nan bai sake fitowa ba har Inna ta bar duniya. Kowace bazara sai na kira in tambaya, a ce ruwa ya ja amma bai kai can ba. Bayan 'yan shekaru idonta ya rufe gaba ɗaya, na daina tambaya a gabanta.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ba makarar ce kawai take ci mini rai ba, kowa na iya makara. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwan nan ya faɗa mini lokaci, ban ko tambaye shi dalili ba. Da na ce, "Baba, me ya sa sai da asuba?" da ya faɗa mini cikin numfashi ɗaya, da shi ke nan. Amma na yi kwana uku a jirgin masu yawon duniya, na dawo ina jin na fi shi sanin ruwa. Can lokacin shiga a takarda yake, nan kuwa iska ce ke yanke shi, kuma ba ta san an riƙe maka wuri ba. Yanzu in tsoho ya ce mini in zo da wuri, zuwa nake yi, in na zauna jira ban rasa komai ba. Yarana har tsokanata suke yi, wai ni nake buɗe wa masu tasha ƙofa. Ina barinsu su yi dariyarsu.

Na so a ce Inna ta yi mini faɗa, ko sau ɗaya ne, da na sami sauƙi. Ba ta taɓa yi ba. Sai a ciwonta na ƙarshe na samu ƙarfin halin tayar da maganar. Ina zaune a bakin gadonta ina yi mata fifita, na ce, "Inna, ki yafe mini ranar nan da na makarar da ke."

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Na yafe tun a bakin ruwa, ɗan nan. Da ma ba wani abu zan yi ba in na je. So na yi kawai in gaya masa ba guduwa na yi na bar shi ba, kwashe mu aka yi."