Mai Sauraron Kwalba

A kasuwar manoma ta garin Lancaster, Arlene ta manta da ƙwan da ta zo saye, tana kallon wani dattijo mai sayar da tsimin saiwar itacen sasafaras. Gemunsa fari fat, ba gashin baki, malafarsa ta sauko har gira.

Ba ya kiran masu saye. Kwalba yake ɗauka kamar jariri, ya ɗaga ta ga haske ya ga ko ƙwayar zabibin da ke ciki ta taso, alamar tsimi ya nuna, sannan ya kara ta a kunne. Me yake ji? Arlene na zaton a gidansa ko ƙofa ba a bugawa da ƙarfi.

Wani saurayi ya matso. "Baba, ba ni biyu, can jihar Ohio zan kai wa mamata."

"A waccan motar da ke gasuwa a rana?" Dattijon ya janye kwalbar. "Samari, abin nan yana da rai. Kafin rabin hanya zai fasa kwalba ya gaishe ka."

"Haba Baba, lemo ne fa!"

Dattijon ya ture malafar baya. Wani tsohon tabo ya ratsa goshinsa.

"Ni ma haka na ce."