Darar Malam Nura tana cikin tsohuwar kwamfuta

Shekara da shekaru ina tambaya guda: me ya sa wasan da nake yi a kwamfuta ba zai shiga wayata ba? Masu boko sun yi ta wuce ni kamar ban yi magana ba. Mutum ɗaya ne yake tsayawa ya amsa mini, yau da safe kuma aka zo har ɗakina a Badarawa aka ce ya rasu.

Malam Nura. Hatsarin mota wajen Katabu, yana dawowa daga Zariya.

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma.

Ban yi boko ba, kuma ba na gani. Faɗa nake yi ana rubuta mini, na ce kada a gyara mini magana.

Ga wanda bai san ni ba, da can direba ne ni a tashar Kawo. Da ciwon ido ya makantar da ni, rabuwa da mota ba ta ci mini rai kamar rabuwa da dara ba. Abokan wasana suka ce in ina laluben gurbi da hannu ina ture musu duwatsu. Wani har ya ce da gangan nake yi. Na tashi na bar musu gindin bishiyar, kuma har yau maganar tana nan a raina.

Malam Nura yana koyar da kwamfuta a wani shago a Unguwar Shanu. Shi ya haɗa mini dara a cikin kwamfutarsa. Ka sa abin kunne, ka danna maɓalli, murya ta gaya maka gurbin da kake. Kara da irin ƙararsa, dutse da tasa. Muryar kuwa tawa ce, don ta cikin na'urar ta kasa Hausa. Ya zaunar da ni ya ɗauki muryata ina kiran gurabe. Har "tashi ka ba mutane wuri" da nake gaya wa wanda na cinye, ya saka. In na sha kaye, ni ke korar kaina. Ya yi ta dariya ranar.

Sai dai dole in je shagon, ga wasu makafin su ma suna jiran layi.

Na ce, "Malam, ka tura mini shi a waya mana, yadda ake tura wa'azi."

Ya ce, "Baba, ba turawa ba ce. Kowace na'ura da irin tsarin da ke tuƙa ta. Kai direba ne, za ka ciro injin tirela ka ɗora wa keke?"

Na ce, "In bakanike ya san aikinsa zai ɗora."

Ya ce, "To ka haɗu da malalacin bakanike."

Ba malalaci ba ne. Ya gwada. Waya ba ta da maɓallai, gilashi ne sumul. In na shafa, muryar da ke karanta wa makafi waya ita ke kama yatsan, wasan bai san na taɓa ba. In aka kashe ta, na shiga wasa ba ni da hanyar fita. In aka bar su tare, murya biyu ke surutu a kunnena. Ya shawo kan wannan, wayar ta sabunta kanta, komai ya watse. Ya kai wasan sabuwar kwamfuta mai wani tsarin, muryata ta yi gum. Ya roƙi masana a wannan dandalin sada zumuntar su taya shi. Aka yi ta sa masa hoton tafi, ba wanda ya zo.

Juma'ar da ta wuce na je. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wayarsa. Na ja kara, na ji ƙararsa ras. Na ja na biyu, abin ya tsaya cak.

Ya ce, "Ka ji ko? Guda ya motsa. Saura kaɗan, Baba, kada ka mutu tukuna."

Na ce, "Kai dai ka yi sauri."

Ya tsallakar da ni titi. Gwiwar hannuna yake riƙewa, bai taɓa jan sandata ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Wasan nan a na'ura ɗaya tak yake aiki, tsohuwar kwamfutarsa mai murfin da aka ɗaure da roba. Za ta shiga gado, haƙƙin marayu ce, ban ce a hana su ba. Amma duk wanda ya saya zai goge abin da ke ciki, aikin Malam Nura ya bi shi, mu kuma mu koma zaman jiran abinci.

Allah Ya jiƙan Malam Nura, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a.

Bayan amin ɗin kuma kada ku wuce. Ku da kuka yi karatun kwamfuta a garin nan, wa zai karɓi aikin nan kafin a raba gado? In zai yiwu ku ce zai yiwu, in ba zai yiwu ba ku gaya mini dalili yadda shi yake gaya mini. Za a karanta mini duk abin da kuka rubuta. Wani ya amsa mini.