Memorin da Aka Ɗinke a Fata

Sagiru Mai-gem bai taɓa yin wata sana'a a Jahun ba sai ta tara yara a gaban talabijin, kuma ya sha zagi a kanta har ya gode Allah. Tun yana saurayi ya faro, shekarar da ya raka kawunsa Kano sayen kayan rediyo. A can ya ga wani ɗan akwatin roba mai cin kaset, ana danna maɓalli sai wani ɗan mutum ya yi tsalle a cikin talabijin. Ya saki baki yana kallo har kawun ya gaji ya tafi ya bar shi. Da ya dawo gida sai ya kama tunkiyar da mahaifiyarsa ta ba shi kiwo ya kai kasuwa, ya koma Kano ya sayo akwatin. Uwar ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwarsa.

A bakin kasuwa ya kafa rumfa, da talabijin marar kala da batirin mota. In kaset ya ƙi tashi sai ya zare shi, ya hura masa iska, ya goge a hannun riga, ya mayar. In ya sake ƙi, ya ɗan mare shi. Haka ya koyi gyara, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Da sabuwar na'urar gem mai suna Sega ta shigo, ya bi ta. Da aka koma masu faifai, waɗanda yara ke kira PS, shi ya fara kawo ta garin, shi ne kuma ya gano cewa in ta tsufa ta daina karanta faifai, sai a kifa ta, ta ci gaba da aiki. Rumfa ta zama shago mai janareta. Har daga Kafin Hausa ake kawo masa gyara a cikin buhu. Amma iyaye, ina! Su dai a wurinsu Sagiru shi ne mai hana yara zuwa gona.

Cikin masu zuwa ƙofar shagon da tsumagiya babu kamar Iya Safara'u, wata Bafulatana da ke zaune a bayan gari da 'yan shanunsu. Ɗanta Bubayero, wanda abokai ke ce wa Yero, kusan a shagon ya girma. To, shi ne ɗanta na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a gidan Fulani: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yarda a ga tana kula da shi. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kau da kai gefe, ta ce wa bango, “A gaya wa wancan shanu na jiransa.” Yara su kwashe da dariya, Yero ya ajiye abin dannawa ya fice sumui-sumui. Sagiru kuwa sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai kuma Allah ya shirye ka.”

Lokacin da PS ta biyu ta zo, Yero ya zama saurayi. A gem ɗin ƙwallo na wannan zamani akwai wurin da mutum ke ƙera ɗan wasa da kansa: ya zaɓi tsawo, da launin fata, da ido, da hanci, da aski, ya rubuta suna a bayan riga. Kwana uku Yero ya yi yana ƙera kansa, yana leƙa fuskarsa a wani fasasshen madubin babur yana gyarawa. Da ya gama kowa ya ce wallahi shi ne sak, sai dai ya zuga kansa a wajen gudu. Ya ɗauki lamba tara. Aka ajiye shi a memori, wani ɗan baƙin abu da bai kai akwatin ashana ba, wanda ake sokawa a gaban na'urar ya riƙe abin da aka yi.

Daga baya Yero ya zama direba, yana jan motar haya tsakanin Jahun da Dutse. Wata ranar Talata taya ta fashe masa da fasinjoji a ciki. Ya yi ƙoƙari ya kauce wa mutanen da ke bakin hanya, Allah ya tsare fasinjojin, shi bai tashi ba. Bai yi aure ba. Gidansu ba gidan ɗaukar hoto ba ne, 'yan hotunan da ke wayoyin abokansa kuma sun tafi tare da wayoyin, wannan ta faɗa ruwa, waccan an sace. A zaman makoki Iya Safara'u ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba, mata suna ta yaba haƙurinta.

Shagon ma daga nan ya fara ja da baya. Gem ya koma cikin waya, kowane yaro da nasa a aljihu. Masu ƙarfi suka buɗe manyan shaguna a Dutse da sababbin na'urori da faffaɗan talabijin, abin da Sagiru bai iya kaiwa gare shi ba. Ya koma cajin waya, ya ture tsofaffin injinansa lungu ƙura ta rufe su.

Wata safiya ranar kasuwa, shekara guda da rasuwar, ya ɗaga kai ya ga Iya Safara'u a ƙofa da ƙwaryar nono a kanta. Ya miƙe da sauri ya rusuna.

“Iya, ina kwana? Lafiya dai?”

Ta sauke ƙwaryar. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta, sannan ta ce, “An ce wancan ya bar wata ajiya a wurinka. Ƙanwarsa ta ce yana cikin akwatin nan naka.”

Sagiru ya fahimta. Ya saki labule, ya kakkaɓe na'urar, ya tayar da janareta. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya soka memori. Filin ƙwallo ya bayyana, ga dogon saurayi mai lamba tara yana tsaye yana numfashi, hannu a ƙugu. Sagiru ya matso da fuskar ta cika talabijin.

Wallahi bai taɓa ganin kallo irin wannan ba. Matar da ta shekara ashirin da biyar tana kau da kai, yau ta kafe ido ko ƙiftawa ba ta yi. Babu mai ganinta balle a ce ta yi rashin kunya. Can ta ce, “Sa shi ya yi tafiya.” Sagiru ya sa shi gudu. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, shi kuma ya mai da hankalinsa kan talabijin kamar bai ji komai ba.

Daga ranar, duk ranar kasuwa sai ta biyo da safe kafin mutane su yi yawa. Ba ta san dokar ƙwallo ba, ba ta kuma so ta sani. Sagiru ya riƙa ba lamba tara ƙwallo ko da wani ya fi shi kusa da raga. In aka kayar da shi ta ce, “Kai, wane azzalumi ne wannan?” In ya ci ta ce, “To, ya isa haka, kar ya gaji.” Ta bar masa ludayin nono ta tafi. Shekara goma sha ɗaya suna haka. Na'urar ta mutu ya fi a ƙirga, yana tsinto gawarwakin irinta a Dutse da Ringim yana cire musu kayan ciki yana dasa mata. Matarsa ta sha tambayarsa me yake yi da tarkacen da ba mai bugawa, ya ce sha'awa ce kawai.

Daminar bara aka yi wani ruwa da ya yaye rabin kwanon shagon. Da gari ya waye Sagiru ya tarar da ruwa har idon sawu, na'urar ta tsira da ƙyar don tana saman kantar shagon. Tsoro ya kama shi. Na'ura in ta mutu a nemo wata, amma memorin nan shi kaɗai ne a duniya. Da Iya ta zo sai ya zare shi ya sa mata a tafin hannu.

“Iya, a nan ciki yake, ba a cikin akwatin ba. Ki riƙe a wurinki har in gyara rufi. Ki adana shi sosai.”

Ta juya shi tana mamakin ƙanƙantarsa, ta ƙulle a bakin zane. Da ma ya ƙara mata ko da kalma biyu! Bai ƙara ba, don a ganinsa ai magana ta fito.

To ita Iya Safara'u, a saninta, ɗan ƙaramin abu mai daraja hanya ɗaya ake adana shi. Sai ta wuce rumfar dukawa, wurin Malam Sale, ta ce a ɗinke mata shi a fata yadda za ta rataya a wuya. Malam Sale shekara arba'in yana ɗinkin layu, bai kuma saba tambayar abin da ke ciki ba. Ya yi aikinsa yadda ya gada: ya naɗe da zare, ya jiƙa jar fata ta yi laushi, ya ja ta tam, ya ɗinke da basilla. Da ya ga ta yi tudu, sai ya ɗora a kan kututture ya bubbuga da guduma har ta kwanta lif. Aiki ya yi kyau ƙwarai.

Bayan mako biyu rufi ya gyaru, ta zo fuskarta a sake. Ta zaro igiyar daga wuyanta ta miƙa masa.

“Ga shi. Ko ruwa ko ɓera ba mai taɓa shi yanzu. In mun gama kallo sai a sake ɗinkewa.”

Sagiru ya karɓa, yatsunsa suka ji yadda abin ya baje. Ya sa reza ya warware ɗinkin. Robar ta dagargaje. Ɗan koren allon da ke ciki ya tsage biyu, tsagar kuma ta bi ta tsakiyar 'yar baƙar ƙwayar da ke riƙe da komai. Ya dunƙule shi a hannu kar ta gani, ya ce mata yau babu mai a janareta, ta dawo wata kasuwar.

Babu abin da bai yi ba. Ya goge, ya hura, ya liƙa da dalma har idonsa ya yi ja. Ya hau mota ya tafi Dutse wurin masu gyaran waya, yara sa'annin 'ya'yansa. Ɗaya ya duba da madubin ƙara girma ya ce, “Baba, wannan ko wanda ya ƙera shi ba zai tashe shi ba. Me ke ciki haka?” Sagiru ya ce ba komai. A mota yana ta tunanin wa zai ji haushi. Malam Sale aikinsa ya yi. Iya gata ta yi wa abin. Ya duba ya duba, bai ga kowa ba sai kansa.

Ya nemo wani tsohon memori ya zauna zai sake ƙera Yero kafin ta zo. Rubuta suna da lamba ba wuya. Da ya zo kan fuska sai ya tsaya. Shekara goma sha ɗaya yana danna maɓalli, amma idonsa a kan ƙwallo yake, ita ce mai kallon fuskar. Ya ƙera, ya goge, ya sake ƙerawa, duk wanda ya fito baƙo ne. Ya ga ba zai iya yi wa tsohuwa ƙarya da wannan ba.

Ranar kasuwa ya durƙusa a gabanta ya gaya mata gaskiya, ya nuna mata ɓaraguzan a cikin takarda. Ta duba su. Sannan ta ce, “Ni na kashe shi ke nan?”

“A'a Iya, wallahi laifina ne, ni ban yi miki bayani ba. Amma za mu sake yin sa. Ke za ki riƙa gaya min, ni ina zaɓa.”

Ya buɗe wurin ƙera fuska. Idanu suka jeru a talabijin iri-iri, ya riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ce wannan. Ya sa. Ta ce a'a, na baya. Ya koma. Aka zo hanci, ta nuna na uku, ta janye hannu, ta nuna na bakwai. Rana ta ɗaga, hayaniyar kasuwa ta cika waje, ƙwaryar nonon na zaune a ƙofa ba mai sayarwa. Fuskar da ke talabijin tana ta sauyawa, kowace ta yi kama da shi kaɗan, babu wadda ta zama shi.

Can sai ta sauke hannunta a cinya.

“Bari, Sagiru. Kashe.”

“Iya, saura kaɗan, mu gwada haɓa.”

“Na ce ka bari.” Muryarta ta karye. “In na gan shi zan gane shi. Amma in zana maka shi, ban iya ba. Ni na haife shi, yana shiga yana fita a gabana, ban taɓa tsayawa na dube shi ba.”

Sagiru ya kashe na'urar, ya ajiye abin dannawa. Ta goge fuska, ta ɗauki takardar ɓaraguzan ta ƙulle a bakin zane. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce a hankali, “Bubayero.” Sannan ta ɗora ƙwaryarta a ka ta shiga kasuwa.