Sunan da Goggo Ba Ta Faɗi

Ina aji uku a jami'a, sashen nazarin halayyar ɗan Adam, aka fara koya mana yadda ake zama da mai damuwa. Malaminmu ya ce a zauna gaba da gaba, a dubi mutum cikin ido, a sa shi ya ambaci abin da ke cin ransa. Ya ce kowa ya ɗauko hira ɗaya a waya lokacin hutu, ita ce jarrabawarmu.

Ni da rawar kai sai na nufi ƙauyenmu Tsamaye wurin Goggo, ƙanwar babana. 'Yan bindiga sun harbe ɗanta na fari a gona daminar da ta wuce. Ta yarda in ɗauki muryarta. Amma ina! Wa ya isa ya ƙura wa Goggo ido? Gefenta na zauna muna ɓarar gyaɗa. Ta yi ta magana har la'asar, yaron ga kaza, yaron ga kaza, hawaye na zuba. Suna dai bai fito ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, yana raye ko ya rasu.

Malam ya saurara a ofishinsa, ya turo mini wayar. Ya ce, "Matar nan ba ta yarda ɗanta ya mutu ba. Ki koma ki sa ta faɗi sunansa, in ba haka ba kin faɗi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ka taɓa gaya mana kai ɗan fari ne. Innarka na kiran sunanka?"

Ya ce, "Wannan al'ada ce. Nan littafi muke bi."

Na ce, "To ba za ni ba. Alkunyar ga ita kaɗai ta rage tsakaninta da shi. Ba ni ƙwace mata ita don maki."

Ya kuwa kayar da ni. Na yi kukan takaici, na maimaita darasin tare da 'yan bayana, suna tsokanata wai uwar aji. Su yi! Har gobe ban yi nadama ba.

Da na koma gida Goggo ta tambaye ni jarrabawa. Na ce an kayar da ni, ban gaya mata dalili ba.

Ta ce, "Ayya, ɗiyata. Jawo tabarma ki zamna. Akwai abin da ban hwaɗa miki ba kan yaron ga."