Kofi Biyu a Bangon Kaset

Shekarun baya, lokacin da taraktoci suka cika gonakin Gadarif, na samu aikin gadi a wata babbar gonar dawa can bayan garin Doka. Mu biyu aka ɗauka, ni da abokina. Shi ke da rikoda, ni kuwa aka bar min sayen kaset.

Na tsaya gaban mai kaset a kasuwa, duk hotunan iri ɗaya: mawaƙi ya sha rawani, ya tallafe haɓa, yana murmushi. Sai idona ya faɗa kan wani da babu fuskar kowa. Kofunan shayi biyu ne a kan ƙaramar kujera, ɗaya cike, ɗaya an shanye, ga gefen hannun mutum yana fita daga hoton. Rubutun ma ya koɗe. Mai kaset ya ce, "Ya zol, bawan Allah, in sa maka ka ji?" Na ce bari, lori zai tashi, na biya na karɓa. Ni a dole na san waƙa mai daɗi da ido.

Abokina ya ce in yi gaba, zai biyo lori na gaba. Sai ruwa ya sauka. Wanda ya san baƙar lakar ƙasar nan ya san in ta jiƙa, mota sai haƙuri. Direbobin tarakta suka gama shuka suka tafi, aka bar ni da bukka, da buhun gari, da kaset babu rikoda.

Na soke bangon a jikin karan bukka. Kullum in na dafa shayi sai in zauna ina kallonsa. Wa ya tashi? Fushi ya yi, ko kiransa aka yi? Zai dawo kafin shayin ɗan'uwansa ya huce? A hankali na fara jin waƙar a kaina, mai sanyi, muryar dattijo. Har amshi na yi mata, ina rerawa ina zagaya gona. Kaɗaici ya ci ni sosai a daminar nan, kuma waƙar ce ta riƙe min hankali.

Da hanya ta bushe, sai ga abokina tare da masu yankan dawa, rikoda a kafaɗa. Ko hutawa bai yi ba ya ce, "Haba ɗan'uwa, kawo sharit ɗin nan mu ji, khalas!" Na ɗauko kaset ɗin na miƙa masa.

Kiɗan biki ne ya tashi, ganga da guɗa, mai zafi. Wani cikin masu yankan ya yi dariya ya ce ai masu kaset kwafa suke yi, duk bangon da hannu ya kai shi suke sakawa. Nan take aka hau rawa. Ni kuwa na zagaya bayan bukka na tsuguna, ƙato da ni, ina share hawaye.

Tun daga nan na gane hoton da ke zama a rai shi ne wanda bai faɗi komai duka ba, ya bar maka wurin zama a cikinsa. Fuskokin mawaƙan nan duk na manta su, amma gefen hannun nan ina ganinsa har yau.

Abin da ke min ciwo ɗaya ne. Da aka kashe rikodar na nemi waƙar tawa a kaina, babu ita. Na sha gwadawa, ko amshin bai taɓa dawowa ba.